Balaraba Ramat Yakubu da Tarihin Jarumar da Mace Ta Ƙirƙira

A ranar 6 ga Afrilu, 1941, jaridun Lahadi na Amurka suka fara buga wani labarin zane, wato labarin da ake bayarwa ta jerin hotunan hannu a cikin ƙananan akwatuna tare da rubuta maganar kowane mutum kusa da bakinsa, wanda daga baya ya shahara da sunan Miss Fury. Tauraruwarsa, Marla Drake, 'yar masu hali ce da ke sanya fatar baƙar damisa da aka kawo daga Afirka idan za ta fita farautar miyagu, kuma ta riga wata jarumar labarin zane, Wonder Woman, fitowa da 'yan watanni. Sunan da ke ƙasan zanen shi ne Tarpé Mills, kuma masu karatu da yawa sun ɗauka namiji ne, domin mai zanen ta cire sunanta na farko, June, saboda ta san yaran da ke bin irin waɗannan labarai za su yi sanyin gwiwa idan suka gane hannun mace ne. Labarin ya yi kimanin shekara 10 yana fitowa, ita kuwa ta rasu a 1988 a birnin Niyok ba tare da an damu da ita ba, sai a 2019 aka sanya sunanta cikin jerin gwanayen wannan fanni na lambar Eisner.

Ƙasar Hausa ba ta yi masana'antar labarin zane mai irin wannan ƙarfi ba, kuma abin da ya iso Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960, kamar mujallar African Film mai ba da labari da hotunan kyamara da gwarzonta Lance Spearman, da Turanci yake, jaruminsa kuma namiji ne. Wanda yake neman takwarar Mills a nan, wato macen da ta ƙirƙiro jaruma mace a adabin talakawa tun fagen yana hannun maza, sai ya duba littattafan da suka mamaye Kano daga tsakiyar shekarun 1980, inda sunan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fi fitowa fili.

An haife ta a Kano a 1959, kuma ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Wannan dangantaka ba ta hana a cire ta daga firamare a yi mata aure tana da shekara 13 da wani mutum da ya girme ta nesa ba kusa ba, auren da bai kai shekara biyu ba ya mutu. Karatun da ta yi bayan haka na yaƙi da jahilci ne, wato ajin da ake buɗe wa manya da karatu ya wuce su, kuma da Hausa aka koyar da ita, abin da ya sa ta zama marubuciyar Hausa zalla a lokacin da 'yan boko ke ganin rubutun kirki sai da Turanci.

Ba ita ce mace ta farko da ta buga ƙagaggen labari da Hausa ba, domin Hajiya Hafsatu Abdulwaheed ta riga ta da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, sannan Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina. Amma Balaraba ta shigo a daidai lokacin da abubuwa biyu suka haɗu: shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya samar da dubban matasa masu iya karanta boko da Hausa, yayin da tsuke bakin aljihun da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya manyan kamfanonin ɗab'i. Marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'o'i, a kan takarda mai araha, sau da yawa a raba labari gida biyu ko uku don kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Daga rumfunan littattafai na birni masu kasa kaya suke ɗaukarsu zuwa kasuwannin garuruwa irin su Rano da Kibiya, kuma da yake akwai masu ba da haya, kwafi guda yakan zaga gidaje har bangonsa ya yage, wadda ta iya karatu tana karanta wa waɗanda ba su iya ba a tsakar gida. Wannan yanayi ne ya sa manazarci Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya fito da niyyar suka amma ya zauna daram, yayin da wani manazarcin, Abdalla Uba Adamu, ya tsaya kan cewa adabi ne da ya cancanci nazari. Balaraba tana cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, daga baya kuma ta jagoranci ƙungiyar marubuta mata ta Kallabi.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kuma ya taɓo halin mazan da ke auri-saki, amma a 1990 ne jarumanta biyu da suka fi tasiri suka bayyana. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta, saurayin da take so ya guje ta saboda rashin ilimi, aka aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba sai an faɗa ba, mai karatun da ya san tarihin marubuciyar zai ga inda labarin ya samo zafinsa. A Alhaki Kuykuyo Ne kuma, Rabi, uwar 'ya'ya tara, ita mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwar yadi, ya kora bayan ya auro Delu, sai ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, har babbar 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci, shi kuwa gobara ta cinye shagonsa, amaryar ta watse.

A nan ne aikin Balaraba ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ƙarshen labarin Rabi bai yi wa masu son ganin ramuwar gayya daɗi ba: dangi sun matsa mata ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta, ta kuma koma ba da son ranta ba. Wasu manazarta suna ganin wannan a matsayin ja da baya, sai dai kallon da ya fi adalci shi ne cewa marubuciyar ta ƙi yi wa masu karatunta ƙarya, tunda ta san matar aure a Rano ko Kibiya ba ta da fatar damisar da za ta sanya ta haura katanga, kuma ba ta da inda za ta kai 'ya'ya tara. Abin da ta bai wa Rabi shi ne tukunya da jari, ta yadda ranar da ta dawo, ita ke ciyar da gidan, kuma mai ciyarwa ba ya zama abin kora cikin sauƙi. Ƙarfin jarumar Balaraba karatu ne da sana'a, abubuwan da mai karanta littafin za ta iya nema washegari, ba sai ta jira wani ikon ban mamaki ba.

Bambancinta da Mills ya fi bayyana a batun suna. Ita ba ta ɓoye cewa mace ce ba, kuma sunan gidansu sananne ne a duk faɗin ƙasar, don haka sukar da aka yi wa littattafan soyayya, cewa suna ɓata tarbiyyar 'yan mata da koya wa matan aure tsaurin ido, ta same ta kai tsaye, musamman da yake ta taɓa auren dole da auren wuri, batutuwan da malamai da iyaye ba sa son a tattauna a kasuwa. Takaddamar ba ta tsaya a baki ba, domin an kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, wadda daga baya ta faɗaɗa ikonta zuwa kan marubuta, kuma a 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar mai suna A Daidaita Sahu.

Duk da haka aikinta ya ci gaba da yaɗuwa: Abdulkarim Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, ita ma ta shiga harkar shirya fina-finai, sannan a 2012 kamfanin Blaft da ke birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi. Matsalar da ta rage ita ce ta adanawa, domin takardar da aka buga waɗannan littattafai a kanta ba ta jure gara da damina, kuma bugun farko na da yawa daga cikinsu ya yi wuyar samu. Duk wanda ke da tsohon kwafi a akwatin mahaifiyarsa ko yayarsa, a Rano ne ko Kibiya ko cikin birni, ya kamata ya ɗauki hoton shafukansa, ya kuma kai shi ɗakin karatu mafi kusa tun Hajiya Balaraba da takwarorinta suna iya ba da bayanin yadda aka buga shi.