Wa Ke Kai Wa Gari Labarin Makaranta?

A kowace ƙaramar hukuma akwai wani ofis da ba kasafai ake ganin iyayen yara a ƙofarsa ba, alhali don 'ya'yansu aka buɗe shi: ofishin sakataren ilimi. Jihar Kano kaɗai tana da irinsa 44. Nan ake ajiye fayil ɗin kowane malamin firamare, nan takardar canjin wurin aiki ke fitowa, nan kuma hedimastoci ke haɗuwa a farkon zango a karanta musu umarnin da ya zo daga hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB. Wanda ya taɓa zama a kujerar wannan ofis ya san cewa takardun da ke fita daga cikinsa kusan duk babban birnin jiha suke nufa. Abin da ke gangarowa cikin gari bai wuce ranar hutu da ranar komawa ba, sai kiran taron iyaye in iska ta yaye rufin aji.

Wannan ɗabi'a tana da asali. Tun farkon boko a Arewa, makaranta tana kai rahotonta ne wurin mai biyan albashi, shi kuwa mai biyan albashin sai ƙara nisa da gari yake yi.

Bayan da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, elemantare ta bazu a hannun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna. Daga baitulmali ake gina ta, da kuɗin haraji da jangalin mutanen ƙasar. Labarinta na farko da ya shiga gidaje ba albishir ba ne, sammaci ne. Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni: ana son yara kaza daga ƙasarku. Magidanta suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su karatun allo wani gari, masu hali su kai gaisuwa a tsallake gidansu, ƙuri'a ta faɗa kan maraya ko ɗan bara. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama manyan ma'aikata daga baya, da kuka aka kai su aji.

Duk da wannan tilas, gari ya san halin da makarantarsa take ciki, sanin da yau ya yi wuya. Hakimi ne ake tambaya in yara sun ragu, don haka yakan leƙa da kansa. Yaro ya yi fashi kwana biyu, sai a ga ɗan saƙon dagaci a ƙofar gidansu. Malamin elemantare kuwa mutumin gari ne ko da baƙo ne: shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ke karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo a dandali tun da ta fara fitowa daga Zariya a 1939. A bakinsa ake jin wa ya ci jarrabawar shiga Midil, wa za a tura horon malanta. Masu zagayen duba makarantu su ma ba baƙin fada ba ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi wannan aiki a Bauci bayan dawowarsa daga Landan, Shehu Shagari ya yi shi a lardin Sakkwato. Irin waɗannan jami'ai in sun sauka gari sai sun gaisa da hakimi, abin da suka gani a aji kuma yakan shiga hirar zaure kafin ya shiga takarda.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Arewa ta ɗanɗana abin da ya fi kusa da jaridar unguwa. Hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, don sababbin masu karatu su sami labarin ƙasarsu da harshensu. Ba su yi tsawon rai ba. An rufe hukumar a 1959.

Sunan LEA da har gobe yake manne a allunan makarantu ya samo asali ne daga dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962, zamanin da Alhaji Isa Kaita yake ministan ilimi, bayan rahoton wani Bature mai suna Oldman kan yadda za a gudanar da firamare. Dokar ta ba da damar kafa hukumomin ilimi na yankuna masu kwamitinsu da lissafin kuɗinsu, amma dai a inuwar En'e suke. Mai ƙorafi ya san ƙofar da zai buga.

Shekarar 1976 ce ta sauya komai, domin abubuwa biyu suka haɗu a cikinta. Gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e, sarakuna suka koma masu ba da shawara. A watan Satumba kuma Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ba a taɓa yayata makaranta irin na wannan lokaci ba: Rediyon Kaduna na faɗa, motocin majigi na zagaya ƙauyuka, sanƙira na shela a kasuwa. A wurin ɗaukar yara, inda babu takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓa kunnensa; in ya kai, ya isa shiga. Aka buɗe azuzuwa a gindin bishiya da zaurukan aro, aka ɗauki malaman wucin gadi, aka kafa cibiyar NTI a Kaduna don a horar da su suna bakin aiki.

Sai dai kuɗin yanzu daga Legas yake zuwa, kuma da yawan kawuna ake auna shi. Nan ne ofishin ilimi ya koyi sana'ar da ta zame masa jiki, wato cike fom. Yara nawa, maza nawa, mata nawa, azuzuwa nawa, benci nawa. Hedimasta ya gane cewa adadin da ya rubuta shi ke jawo masa malami ko gini, don haka ba kowa ne ke gaggawar goge sunan yarinyar da aka aurar ko yaron da ya tafi cirani ba. Rajista ta fara faɗin abu ɗaya, aji yana faɗin wani. Ba wanda ya ga dalilin karanta wa iyaye waɗannan alƙaluma, tunda ba su za su biya ba.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, firamare ta zama ƙwaryar da kowa ke turawa gaban maƙwabcinsa. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar firamare ta ƙasa, NPEC, a 1988, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 ta rushe ta, ta miƙa makarantu ga shugabannin ƙananan hukumomi. A 1993 aka sake dawo da ita, tare da hukumomin firamare na jihohi. Tsofaffin malamai ba sa manta shekarun tsakiyar nan: wata da watanni ba albashi, mai kanti ya daina ba malami bashi, mai gidan haya ya ji sana'arsa ya ce ɗakin an riga an kama. Labarin makaranta ɗaya tak da ke isa gida a lokacin shi ne yara su dawo da hantsi su ce malamai suna yajin aiki.

A wannan tsakanin ne aka yi asarar da ba ta cikin kowane rahoto. Makarantun kuɗi suka yawaita, ma'aikaci da ɗan kasuwa da alƙali suka kwashe 'ya'yansu, har da shi kansa jami'in ofishin ilimin. Waɗanda ke da bakin da za su tsare hedimasta da tambaya sun bar wurin. Taron iyaye da malamai ya koma taron karɓar kuɗin alli da gyaran ƙofa, shi ya sa da yaro ya kawo saƙon taro uba yake shafa aljihu ya ce yana da uzuri.

Obasanjo ya dawo a farar hula ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa ta fito a 2004. Ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Gine-gine sun samu, ba a musu. Amma a hedikwatar SUBEB ake ba da kwangila, kuma sau da yawa hedimasta bai san da aikin ba sai ya ga tifa ta juye yashi a filin makaranta. Bai ga takardar kwangilar ba, bai san buhun siminti nawa aka rubuta ba, balle mai unguwa. Sanarwar da gari ke samu ita ce rubutun fenti a jikin bango: sunan hukuma da shekarar aiki.

Masu tsara manufofi sun ga wannan giɓi. A 2006 majalisar ilimi ta ƙasa ta amince kowace makaranta ta sami kwamitin gudanarwa na al'umma, SBMC, mai ɗauke da hedimasta, wakilin mai gari, malamin addini, mata, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, har da yara biyu daga cikin 'yan makarantar. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano, Kaduna da Jigawa. Inda abin ya kama, an ga canji na zahiri: ana liƙa lissafin kuɗin makaranta a bango, liman yana sanar da ranar ɗaukar sababbin yara bayan sallar Juma'a, kafintan unguwa yana gyara benci a kuɗin ƙusa kawai. Mata ne suka fi ba da mamaki. Ƙungiyoyin iyaye mata suna shiga inda hedimasta ba zai iya shiga ba, su ji dalilin da ya sa aka ɗora wa yarinya talla, su kai maganar gidan suna da Islamiyyar matan aure. Inda bai kama ba kuwa, kwamitin sunaye ne a takarda, ana tara su ranar da baƙi za su zo.

Hanyar da ta fi tsorata ofishin ilimi ba daga cikinsa ta fito ba. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, irin Freedom a Kano a 2003, mutumin ƙauye ya sami inda zai kai kuka. A shiri irin Inda Ranka a ambaci sunan makaranta da dare, a ce yara a ƙasa suke zama, washegari da safe wayar sakataren ilimi ba ta hutawa. Abin takaicin shi ne wanda ya fi kowa sanin gaskiyar maganar ba shi da ikon faɗinta. Ƙa'idar aikin gwamnati ta hana ma'aikaci magana da 'yan jarida ba da izini ba, hedimastan da ya kuskura kuwa takardar neman ba'asi na jiransa, ko canji zuwa ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina. Saboda haka sai ya raɗa wa shugaban kwamitin iyaye, shi kuma ya je rediyo a matsayin mai kishin gari.

Manyan labarai kuwa daga sama suke faɗowa. A 2017 iyayen yara a Kaduna sun ji cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji ta matakin aji huɗu, suka ga hotunan takardun amsa suna yawo a Facebook. Daga gidan gwamnatin Nasir El-Rufa'i labarin ya fito. Waɗannan malamai sun yi shekaru masu duba makarantu suna shiga ajinsu suna sa hannu a littafin baƙi, amma ba a taɓa tara iyaye an gaya musu akwai matsala ba.

Kullen korona na 2020 ya mayar da darasi rediyo, ya kuma cusa harkar ofis cikin WhatsApp. Yanzu sakataren ilimi yakan ɗauki hoton takarda ya jefa a zauren hedimastoci, cikin minti kaɗan ta kai makarantar da a da sai mai babur ya yi yini kafin ya isa. Iyaye ba sa cikin zauren. Su dai har yanzu yaro ne jakadansu, sai kuma takardun bogi na ƙarin hutu da ke yawo a waya duk ƙarshen zango.

Ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka shiga makarantar LEA ta Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna. Adadin farko da ya zagaya duniya shi ne yara 287. Da aka sako su bayan fiye da mako biyu, gwamnati ta ce 137 ne, kuma su ke nan. Fiye da shekara arba'in ana cike fom ana aikawa sama, amma a ranar da gari ya fi bukatar sanin 'ya'yansa nawa ne suka shiga aji da safe, sai aka rasa tabbataccen adadi.

Wata huɗu bayan haka, a Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ƙungiyar malamai ta NUT, wadda 1991 ba ta fita daga ranta ba, ta nemi kada a bar albashin firamare a hannun ciyamomi. Ba a daɗe ba ta sami misali a kusa: a 2025 malaman firamaren Abuja, waɗanda ƙananan hukumomin birnin guda shida ke biya, sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma ba a buɗe azuzuwa ba sai da ministan birnin ya shiga tsakani a watan Yuli.