Digiri Ko Sana'a: Abin Da Tarihin Sabo Ya Nuna Mana

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun Sabo: a tura yaro jami'a, ko a kai shi wajen mai sana'a? Wannan ya ce ga ɗan wane can da digirinsa yana tuƙa okada, wancan ya ce ai rashin boko ne ya bar mu a baya. To, kafin kowa ya ɗauki ɓangare, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda unguwar nan ta horar da 'ya'yanta tun farko.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan wannan wuri a gefen Mokola, 'yan shekaru bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Fatauci biyu ne suka riƙe unguwar: goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kurmi. Dukansu kaya ne da ba sa jira. Goro in ya sha iska ko sankara ta shige shi, an yi asara. Saniya kuwa ba ta daɗewa a ƙasar tsando ba ta rame ba. Ga shi mahautan Yarabawa bashi suke ɗauka, falken da ya zo daga Arewa kuma bai san su ba, ba ya jin yarensu. Maigida ne ke sauke shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan kuɗinsa.

Gidan maigidan nan shi ne makarantarmu ta sana'a. Yaro yakan fara da aike da ɗaukar kaya, sannan a zaunar da shi zaɓen goro, ya san marsa, ya san daushe, ya iya ɗaurin huhu da ganye yadda zai kai Kano bai bushe ba. Na kara kuma ya koyi kallon sa ya faɗi kuɗinsa, ya iya Yarabanci, ya san mahaucin da ke biya da wanda ke kwana da kuɗin mutane. Ga karatun allo safe da dare, ga lissafi da ajami. Babu satifiket a ƙarshe. Amma idan yaro ya nuna amana, maigida zai yi masa aure, ya ba shi ɗaki, ya gabatar da shi ga fatake har ya fara cin la'adarsa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zo Sabo a 1962 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa wannan amana ce ginshiƙin cinikin baki ɗaya.

Duk wannan na faruwa ne boko na bunƙasa a ƙofar gidanmu. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta farko a Nijeriya, da ɗalibai 104. A 1955 gwamnatin Awolowo ta mayar da firamare kyauta a Jihar Yamma. Yawancin iyayenmu suka ja baya. Suna tsoro wa addinin 'ya'yansu, don makarantu da yawa na mishan ne, sannan suna ganin ciniki yana biya. Suna da hujjarsu, amma fa mun ji a jikinmu. Da zamanin takarda ya zo, takardar fili, shari'a a kotu, banki, asibiti, majalisar ƙaramar hukuma, sai muka koma neman wanda zai karanta mana, ya yi magana a madadinmu.

Shirin UPE na 1976 da ilimi kyauta na zamanin Gwamna Bola Ige daga 1979 suka ƙara jawo 'ya'yanmu cikin aji. A lokacin kuɗin mai, mai digiri ba ya daɗewa bai sami aiki ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya canza wannan, har gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NDE, wadda ke tura matasa koyon sana'a wajen masu shago. Mu kuma muna da ƙarin tamu matsalar: yaron da aka haifa a Sabo idan ya nemi aikin jiha sai a ce ya kawo takardar shaidar asali, idan ya je garin kakansa a ce ɗan Kurmi ne.

Ita ma sana'ar ba ta tsaya yadda take ba. Tirela da wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun rage buƙatar falke ga mai masauki. Matasa sun koma canji, ɗinki, suya, gyaran waya da tuƙi. Yau yaro zai yi wata shida a shago, ya iya rabin aiki, ya tafi, ba wanda ya sallame shi. Maƙwabtanmu Yarabawa har yanzu suna bikin firidom idan yaro ya gama koyo. Inyamurai kuma maigida kan ba yaronsa jari bayan ya yi masa hidima na shekaru. Mu da muka gina unguwa a kan wannan tsari, mu ne muka sake shi.

Saboda haka, jama'a, abin da ya ɗaga yaron da can shi ne babban da ya tsaya masa har ya kafu, kuma shi ne abin da mai digiri da mai koyon sana'a duka suka rasa a yau. Sabo tana buƙatar lauyanta da likitanta da akawunta, tana kuma buƙatar bakanike da tela da dillali mai amana. Yaro mai kan karatu a tura shi jami'a, amma lokacin hutu a zaunar da shi a shago. Wanda hannunsa ya fi kaifi ya gama sakandare tukuna, sannan a kai shi koyo da yarjejeniya a rubuce, gaban shaidu: shekara nawa zai yi, da me za a sallame shi. Masu hali kuma, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya riƙe su har su tsaya da ƙafarsu, kamar yadda aka yi wa iyayenmu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a nemanmu.