Kalankuwa da Damben Kaka a Yammacin Zamfara: Yadda Bikin Ya Samo Asali

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, bikin kaka bai taɓa samun rana ɗaya da aka yanka masa a kalanda ba. Gona ce ke yanke ranar. Idan aka yanke gero wajen watan Satumba, dawa ta sunkuyar da kai, aka fara ɗaurin dami ana kai wa rumbu, to kowane gari ya san lokacin kalankuwa ya yi. Samari su zauna da dattawa a tsayar da rana, yawanci wadda ta dace da ranar kasuwa, a aika wa ƙauyukan maƙwabta da goron gayyata. Daga nan sai kiɗa.

Tushen abin noma ne. Damina lokacin wahala ce: hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, ga huɗa, ga noman farko da maimai, ga gayya a gonar suruki. Ba mai sukunin wasa, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da zarar amfani ya shigo gida, komai sai ya taso lokaci guda. A kaka ake biyan bashi, a kaka ake ɗinka sabuwar riga, a kaka ake ɗaura yawancin aure. Manomin da ya tara dami dubu yakan yi shagali na musamman, daga nan ake kai shi ga sarautar Sarkin Noma. Makaɗan noma, waɗanda suka sha rana suna zuga manoma a bakin kunya, yanzu suke bin gida-gida karɓar alkawarin damman da aka yi musu. Musa Ɗanƙwairo ma, kafin ya zama makaɗin fada, kiɗan noma ya gada a wurin mahaifinsa a ƙasar Maradun.

A zamanin da, bikin na da wani ɓangare na tsafi. Kafin Musulunci ya zauna sosai a karkara, akwai gidajen da ba a taɓa sabon hatsi sai an yi yanka an ba iskoki rabonsu, kuma 'yan bori na da nasu bikin shan kabewa. Wanda ke son ganin yadda irin wannan biki yake idan ya riƙe tsohuwar siffarsa, sai ya leƙa kudu da Bukkuyum, ƙasar Zuru, inda Dakarkari ke yin Uhola don godiyar amfanin gona, da kokawa da raye-raye. Tsakanin Zamfarawa da mutanen Zuru akwai tsohuwar cuɗanya ta kasuwa da auratayya.

Tarihin sarauta ma ya taka rawa. Bayan da Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Shi ya sa har gobe Sarkin Zamfara a Anka yake. A tsakanin waɗannan shekarun ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma cikin abubuwan da ya yi ta suka akwai yanka wa duwatsu da itatuwa, da cakuɗuwar maza da mata a dandali. Bayan jihadin 1804 sai ɓangaren tsafin ya ja da baya, ya koma bayan gida. Amma wasan bai mutu ba. Sadaka da zakkar hatsi suka maye gurbin yanka, kalangu kuwa ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne dambe. Asalinsa wasan mahauta ne. Rundawa kan bi garuruwa a kaka suna yanka, domin lokacin ne talaka ke da abin sayen nama, kuma samarinsu su gwada ƙarfi da na garin da suka sauka. Da la'asar sakaliya a share fili a bayan kasuwa, mutane su yi da'ira, yara a gaba a zaune, manya a tsaye, wasu a kan itace. Ɗan dambe ya naɗe hannunsa ɗaya da zare har ya yi tauri, ɗaya hannun a buɗe don kariya, layu a damtse. Makaɗi ya ɗauki takensa, shi kuwa ya fito yana kirari yana karkarwa, ya miƙa hannu ga wanda yake so. Turmi uku ake yi. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, sai fili ya ruɗe, a ɗaga gwani sama, a yi ta manna masa kuɗi a goshi. Daga irin waɗannan filaye na ƙasar Zamfara ɗan dambe Shago ya fito, wanda makaɗi Ɗan'anace ya yi wa waƙar da har yau direbobi ke sawa a mota. Ni a ganina, ba a rubuta tarihin yankin nan daidai idan an lissafa sarakuna an bar waɗannan mutane.

A gefen fili kuwa kasuwa ce ke ci har dare. Mai tsire ya kafa tukubarsa, mata na suyar ƙosai, 'yan mata ɗauke da hoce da dakuwa da ƙuli-ƙuli, Fulani da ƙoren nono, ga rake an jingine. 'Yan koli sun baza madubi da zobe da turare, masu sassaƙar ƙwarya daga Gummi sun jera kayansu, don amaren kaka ba sa tarewa babu ƙore. Gardawa su zo da kura a ɗaure da takunkumi, 'yan tauri na gwada wuƙa a ciki, 'yan kama na sa mutane dariya da wa'azin tuwo. In wata ya fito, 'yan mata su shiga gaɗa. Fulani ma a wannan lokaci suke shaɗi, bayan sun sauko da shanu cikin karan da manoma suka bar musu, shanun su ci, su bar taki. Wannan ma'amala ta kara da taki ita ce ta riƙe zaman Bahaushe da Bafillace shekaru aru-aru.

Zuwan Turawa, bayan cin Sakkwato a 1903, ya ƙara wa kaka wani nauyi. Haraji da jangali sai da kuɗi, kuma a kaka ake karɓar haraji. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi a hannu, 'yan baranda suka shiga ƙauyuka da sikeli. Kuɗin da ya rage bayan haraji shi ke ƙarewa a filin kalankuwa. A wannan zamanin ne Argungu ta yi sa'a: wasan kamun kifinta ya samu gata tun daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har ya zama bikin da duniya ta sani. Kalankuwar ƙauyukan Zamfara ba ta samu irin wannan gata ba. Ta tsaya a hannun samari da mahauta da masu unguwanni, kuma wataƙila shi ya sa ta daɗe da ɗanɗanonta.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, sannan a watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau. Wasannin dare da ke haɗa maza da mata suka ragu ƙwarai, hawan sallah da maulidi da musabaƙar Alƙur'ani suka zama manyan tarukan shekara. Dambe da kokawa dai sun ci gaba. Sai kuma zinare ya ɗauke hankalin samari daga gona. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje.

Abin da ya fi karya bikin shi ne rashin tsaro. Kalankuwa na buƙatar abu biyu, rumbu cike da hanya lafiya, kuma 'yan bindiga sun taɓa duka biyun. A garuruwa da yawa sai an biya su kuɗi kafin a yi shuka, a sake biya kafin a girbe. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, daidai lokacin da gero ke shigowa. A farkon Janairun 2022 aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum harin da mazauna suka ce ya ci rai kusan 200. Dubban manoma suna zaune a Anka a matsayin 'yan gudun hijira, gonakinsu sun koma daji. 'Yan damben yankin da dama yanzu a gidajen dambe na Kano da Abuja da Legas suke wasa, inda ake biyan kuɗin ƙofa, 'yan uwansu na gida kuma su kalla a waya.