Lanƙwasa Tsirkiya Tsakanin Jitar Lantarki da ta Katako

Galibin almajiran da ke zuwa koyon jita wurinmu suna zaton lanƙwasa tsirkiya, watau tura ta gefe da yatsa har sautinta ya ɗaga kamar muryar mai kuka, fasaha ce da aka haifa tare da jitar lantarki, alhali kuwa wanda ya bi silsilar malaman wannan fanni zai tarar da Lonnie Johnson, mutumin New Orleans ta Amurka, yana yin ta a faifansa tun shekarun 1920 da jitar katako, kuma B.B. King kansa ya sha ambatonsa cikin waɗanda ya ɗauki ilmi daga gare su.

Lantarki ya ƙara wa amo tsawon rai, sa'an nan sirantar tsirkiya ta cika sauran. A shekarun 1950 James Burton ya riƙa ɗaura wa jitarsa tsirkiyoyin banjo domin taushinsu, har Ernie Ball ya fara sayar da sirara a 1962, ya hutar da makaɗa. Albert King kuwa, da yake bahago ne mai riƙon jita a juye, ƙasa yake janyo tsirkiya, yana kai ta inda ba kowa ke iya kai ta ba.

Bayan Eric Clapton ya zauna da jitar katako ta Martin a shirin Unplugged na 1992, sai samari suka komo kan katako da hannun da ya saba da lantarki, suka gamu da mushkila: tsirkiyoyin sun fi kauri da tauri, ta ukun naɗaɗɗiya ce, kome tura ta da ƙyar take ɗagawa, amon kuma yakan mutu kafin yatsa ya isa. Saboda haka mukan umurci almajiri ya haɗa yatsu uku, babban yatsa ya kama saman wuyan jita, ƙarfin ya fito daga wuyan hannu, ya nemi tsakiyar tsirkiya inda ta fi sassauci, ya wadatu da ɗaga sauti rabin mataki ko abin da bai kai ba. In ana bukatar nisa, ya zame yatsa zuwa gaba.

Wasu sukan ɗaura wa jitar katako tsirkiyoyin jitar lantarki don neman sauƙi. Ni dai ban yarda da wannan ba, domin siririyar tsirkiya ba ta iya girgiza fuskar katakon yadda ya kamata, muryar sai ta shaƙe. Gara a sassauta dukkan tsirkiyoyi da rabin mataki, yatsu su huta, katako kuma ya yi magana.