Tarihin Binciken Siririyar Shimfiɗar Ƙarfe a Kan Ƙarfe a Ilimin Katalis

Katalis shi ne duk wani abu da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ko rabuwarsu ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Da shi ake tace man fetur, da shi ake haɗa takin zamani, shi ne kuma ke rage gubar hayaƙin mota. Da yawa daga cikin katalis ɗin masana'antu ƙarfe ne, kuma aikin gaba ɗaya a fuskar ƙarfen yake faruwa, wato a sahun farko na ƙwayoyin zarra, waɗanda ake kira atam. Fannin da wannan maƙala ta shafa ya tsaya ne kan tambaya guda: idan aka shimfiɗa wani ƙarfe a kan wani, kaurin atam ɗaya ko biyu tak, yaya halinsa zai kasance? Awarwaron da aka yi wa ruwan zinare halin zinare yake nunawa, domin shafen ya kai kaurin ɗaruruwa ko dubban atam. Amma idan shafen ya sirance ya koma sahu ɗaya, sai ya bar halin ƙarfen da aka sani, bai kuma ɗauki na wanda ke ƙarƙashinsa ba. Ya zama wani abu na uku.

A 1823 Johann Döbereiner na birnin Jena a Jamus ya ga garin filatinam yana kunna iskar haidurojin ba tare da an kawo wuta ba, kuma a 1835 Berzelius ɗan Suwidin ya raɗa wa al'amarin suna. Paul Sabatier na Faransa, wanda ya sami kyautar Nobel a 1912, shi ya bar ƙa'idar da har yau ake kafa hujja da ita: katalis na ƙwarai ba ya riƙe sinadari da ƙarfi har ya kasa sakinsa, ba ya kuma riƙe shi sako-sako har ya kuɓuce kafin aiki ya kammala. Abin da ba a sani ba shi ne yadda za a daidaita wannan riƙo da gangan.

Ɗaya daga cikin yunƙurin farko ya zo a 1950, lokacin da D. A. Dowden na kamfanin ICI a Ingila ya danganta ƙarfin katalis da guraben da ba su cika ba a wani rukunin ilaktaron da ake kira rukunin d. A ganinsa, idan aka narka jan ƙarfe cikin nikel, ilaktaron ɗin jan ƙarfen za su cike guraben nikel, aikin ya mutu. Bayanin ya yi daɗin ji, amma gwaje-gwaje suka riƙa saɓa wa juna. A shekarun 1960 Wolfgang Sachtler a Holan ya nuna inda gizo ke saƙar: jan ƙarfe yakan taso ya taru a fuska, saboda haka abin da ke saman gamin daban yake da abin da ke cikinsa. An daɗe ana auna ciki, alhali a fuska ake aikin.

Masana'antar mai ba ta jira malamai sun gama gardama ba. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Chevron ya fito da katalis na filatinam da riniyam, daga baya kuma John Sinfelt na Exxon ya samar da na filatinam da iridiyam, dukansu sun fi filatinam zalla daɗewa a aiki. A 1972 Sinfelt da abokan aikinsa suka nuna cewa jan ƙarfe kashi 5 cikin 100 kacal a cikin nikel yana rage ƙarfinsa na farfasa iskar itan kusan sau 1,000, amma aikinsa na cire haidurojin daga wani sinadarin mai bai wani girgiza ba. Daga nan masana suka kasu biyu. Wasu suka ce ƙarfe na biyu wuri kawai yake tarewa, yana raba atam ɗin da aikin ke buƙatar su a jere. Wasu suka ce a'a, halin ilaktaron ɗin maƙwabcinsa yake sauyawa. A cikin garin katalis na masana'anta ba a iya raba waɗannan dalilai biyu, shi ya sa aka koma ga shimfiɗa mai sahu ɗaya.

Gwajin yana da wuya ƙwarai. Ko da an zuƙe iskar akwatin gwaji har saura kashi ɗaya cikin biliyan, fuskar ƙarfe kan rufe da baƙin atam cikin kamar daƙiƙa guda. Sai an ƙara ragewa kusan sau 10,000 kafin ta zauna da tsabta na wasu sa'o'i, kuma irin waɗannan na'urori sai a shekarun 1960 suka yaɗu. Mai bincike yakan ɗauki ɗan faifan ƙarfe wanda bai kai kwabo girma ba, mai atam a jere ba karkata, ya gasa shi har dattin ya fita. Sannan ya zafafa siririyar wayar ƙarfe na biyu, tururinta ya sauka a hankali har sahu ɗaya ya cika. Sai ya sanyaya faifan, ya sako iskar kabon monoksaid ta manne, ya riƙa ƙara zafi yana duba matakin da za ta tashi. Wannan mataki shi ne ma'aunin ƙarfin riƙo. Dabarar Kai Siegbahn ta haska ƙarfe da eksire a auna kuzarin ilaktaron ɗin da suka fito ita ke nuna abin da ya canza a cikin atam ɗin, madubin hangen ƙananan abubuwa da Binnig da Rohrer suka ƙera a 1981 kuma ya ba da damar ganin atam ɗaya-ɗaya.

Abin mamakin ya fara bayyana a cibiyar Brookhaven ta Amurka daga 1979, inda rukunin Myron Strongin ke shimfiɗa faladiyam a kan niyobiyam da tantalam. Faladiyam zalla yakan riƙe kabon monoksaid har zafi ya kusa digiri 200 a ma'aunin salshiyas. Sahu ɗaya nasa a kan tantalam kuwa yakan sake ta tun ba a kai zafin ɗaki ba, kamar dai ya koma azurfa. Jan ƙarfe a kan rutiniyam ya yi akasin haka, riƙonsa ya ƙaru. A 1992 José Rodriguez da Wayne Goodman na Jami'ar Texas A&M suka tattara irin waɗannan sakamako a mujallar Science, suka nuna cewa canjin kuzarin ilaktaron na tafiya kafaɗa da kafaɗa da canjin ƙarfin riƙo. Sun fassara shi da ƙaurar caji daga wani ƙarfe zuwa wani, fassarar da ta sha suka. Amma awon nasu ya tsaya daram, kuma shi ne ya tilasta wa masu lissafi neman bayani mafi inganci.

Daga Danmak bayanin ya fito. A 1995 Bjørk Hammer da Jens Nørskov na Jami'ar Fasaha ta Danmak suka nuna cewa matsayin tsakiyar rukunin d shi ne babban abin da ke hukunta ƙarfin riƙo: in ya hau sama riƙo ya tsananta, in ya sauka ya sassauta. Wannan ya dawo da rukunin d na Dowden, amma yanzu na atam ɗin fuska, ba na cikin gami ba. Abu biyu ke motsa shi. Na farko haɗin atam ɗin sama da na ƙasa. Na biyu, wanda Manos Mavrikakis ya fayyace tare da su a 1998, shi ne miƙewa ko matsewa. Sahun farko yakan bi tazarar ƙarfen da ya zauna a kai. Filatinam a kan rutiniyam yakan matse da kusan kashi 2.5 cikin 100, a kan zinare kuma ya miƙe da kusan kashi 4. In atam suka yi nesa da juna, rukunin d ya tsuke, tsakiyarsa ta hau. In suka matsu, ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta sauka. A 1998 ɗin ce kuma Gsell da Jakob da Menzel a Jamus suka yi gwajin da ya fi kowane kyau a wannan fanni. Sun harba iskar agon ƙarƙashin fuskar rutiniyam ta yi ƙananan kumburi, sai madubi ya nuna oksijin na taruwa a ƙoƙon kumburin, inda ƙarfen ya miƙe, yana ƙaurace wa gefe inda ya matse. Babu ƙarfe na biyu ko kaɗan, miƙewar ce kaɗai.

Daga nan fannin ya tashi daga gwada sa'a ya koma tsarawa. A 1998 Flemming Besenbacher da abokansa, tare da kamfanin Haldor Topsøe, suka tsara katalis na nikel mai ɗigon zinare a fuska wanda ba ya saurin toshewa da gawayi. Babban fagen dai shi ne na'urar da ke samar da lantarki daga haidurojin, wadda ke cin filatinam mai tsada, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Afirka ta Kudu ake haƙowa. Filatinam ya ɗan fi ƙima wajen riƙe oksijin, don haka 'yar matsewa na yi masa amfani. Radoslav Adzic na Brookhaven ya samo hanyar ɗora sahu ɗaya nasa a cikin ruwan sinadari, ba sai an zuƙe iska ba, kuma a 2005 rukuninsa ya nuna cewa a kan faladiyam ya fi aiki: zinare ya miƙe shi da yawa, rutiniyam ya matse shi fiye da kima. A 2007 Vojislav Stamenkovic da Nenad Markovic suka bayyana gamin filatinam da nikel mai fatar filatinam zalla, wanda ya ninka aikin irin fuskarsa ta filatinam sau 10. Motar Toyota Mirai ta 2014, mai irin wannan na'urar lantarki, da gamin filatinam da kobal take aiki. A 2012 kuma rukunin Charles Sykes na Jami'ar Tufts ya wuce sahu ɗaya, ya warwatsa atam ɗin faladiyam ɗai-ɗai a fuskar jan ƙarfe.

Matsalar da ta rage ita ce ƙarko. Cikin zafi da ruwan asid, ƙarfen ƙasa yakan zube ta duk inda shimfiɗar ta huje, ko na saman ya nutse ciki, kuma abin da ya yi fice a kan faifan gwaji sau da yawa yakan ragu idan aka mayar da shi gari. Bincike mai yawa a kan wannan yake: yadda za a auna fuskar katalis yana tsakiyar aiki, da yadda sahu ɗaya zai jure dubban sa'o'i a cikin injin.