Gyaran ƙwayar gado

Gyaran ƙwayar gado hanya ce ta magani wadda ake bi a gyara kuskuren da ke cikin DNA na majiyyaci, a tushen cutar. Amosanin jini, wato sikila, na cikin cututtukan da aka fi gwada hanyar a kansu. Cuta ce sananniya a ƙauyukan Hausawan Jazira da Bulu Nil a Sudan, irin su Mai Wurno kusa da Sinnar. A wannan cuta, harafi ɗaya tak na DNA ne ya sauya a ƙwayar gadon da ake kira HBB, sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe hanyoyin jini.

Likitoci kan ɗebo ƙwayoyin da ɓargo ke ƙera jini da su, a gyara su da fasahar CRISPR, a kashe tsofaffin da magani mai ƙarfi, sannan a mayar da gyararrun. Maganin Casgevy, wanda ake yi ta wannan hanya, kuma Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023, bai taɓa harafin ba; yana farfaɗo da nau'in haemoglobin da jariri ke da shi tun yana cikin mahaifa. Gyaran harafin kansa yana matakin gwaji. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne, abin da ya fi ƙarfin manomin Jazira nesa ba kusa ba.