Dutsen Wuya Ya Ba Da Shaida

Ran nan muna darasin labarin ƙasa, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shin gilashi duk daga Turai ya fito?" Na ce ya saurara. Amsar da na ba shi ita zan shimfiɗa a nan, don na san manya da yawa tunaninsu ɗaya da na yaron nan.

A ƙasar Yarbawa akwai tsohon birni, Ile-Ife, wanda su Yarbawa ke ɗauka shi ne tushensu. A gefensa akwai wani kurmi da ake kira Igbo Olokun. Tun da daɗewa mutanen wurin sukan tona ƙasarsa su sami duwatsun wuya na gilashi, yawancinsu shuɗɗa, da fasassun kasake waɗanda gilashi ya daskare a cikinsu. Cikin 1910 wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya zo Ife, ya ga waɗannan, ya kuma ga wani kan mutum da aka zuba da tagulla. Kyan aikin ya ba shi mamaki ƙwarai, amma zuciyarsa ta ƙi yarda baƙar fata ne suka yi. Sai ya ce wai ragowar wata ƙasa ce, Atlantis, wadda teku ta haɗiye. Waɗanda suka biyo bayansa ba su bi shi ga wannan ba, amma game da gilashin, da yawa sun ɗauka fatake ne suka kawo shi daga ƙetare, mutanen Ife narkewa kurum suka yi, suka sake masa siffa.

To, yaya za a raba wannan gardama, ga shi masu aikin sun daɗe da ƙaura, ba su kuwa bar rubutu ba? Sai a tambayi dutsen da kansa.

Ka sani, ya mai karatu, gilashi yashi ne narkakke. Amma yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai da wuta mai tsananin gaske, saboda haka akan gauraya shi da abin da zai tausasa shi. Nan fa kowace al'umma ta ke da hannunta, kamar yadda miyar kowane gida ta ke da ɗanɗanonta. Rumawa kanwar Masar suka yi amfani da ita. Mutanen Sham da Iraƙi a zamanin daulolin Musulunci tokar tsire-tsire suka sa. Gilashin Hindu kuwa yana da sinadarin alminiyam da yawa, amma sinadarin farar ƙasa kaɗan ne a cikinsa. Ko shekara dubu ta wuce, wannan gauraye yana nan cikin gilashin bai gushe ba.

Masana suna da wani madubi mai girmama ƙanƙanen abu, wanda ya fi madubin likita ƙarfi nesa. Sukan ɓalli ɗan tsinin gilashi, su goge shi sumul, su sa a ciki, na'urar ta harbe shi da wani irin haske, kowane sinadari ya amsa da alamarsa, a lissafta yawansa. Akwai kuma wata na'ura mai huda ɗan rami kamar kaurin gashi, ta auna ƙurar da ta tashi.

Cikin 2006 masana uku, James Lankton da Akin Ige da Thilo Rehren, suka bayyana cewa gilashin Ife yana da farar ƙasa da yawa, yana kuma da alminiyam da yawa, su biyun tare. Ba a san wata ƙasa da ta taɓa yin irin wannan gauraye ba. Sa'an nan wani ɗan Nijeriya, Abidemi Babatunde Babalola, ya yi haƙa a Igbo Olokun cikin 2011 da 2012, ya tono duwatsu fiye da 12,000, yawancinsu faɗinsu bai kai milimita 5 ba. Ya sami kasaken narki, har da gilashin da bai gama nuna ba, ƙwayoyin yashi na nan a cikinsa ba su narke ba. Wannan ita ce babbar shaida, gama mai sake narka gilashin wani ba ya barin ɗanyen yashi a kaskonsa. Awo ya nuna an yi aikin nan tsakanin ƙarni na 11 da na 15, watau an soma shi shekaru ɗaruruwa kafin jiragen Fotigal su iso gaɓar tekunmu. Masana suna ganin yashin duwatsun ƙasar ne aka haɗa da katantanwa, shuɗin kuwa daga wani sinadari ne mai suna kobal. Gani ya kori ji.

Ba a nan abin ya tsaya ba. An sami duwatsu masu irin wannan gauraye a Gao da Essouk cikin ƙasar Mali, da Igbo-Ukwu a ƙasar Ibo. Ashe Ife sayarwa ta ke yi, fatake suna ɗauke da hajarta har bakin hamada. Mu kuma da muka san Masagan Bida da ƙarau ɗinsu, bai kamata mu yi mamakin a ce Afirka ta iya wannan sana'a ba.

Abin da na ke so mu riƙe shi ne, da a kasuwa aka tsinci duwatsun nan, da ba a san shekarunsu ba. Kwanciyarsu cikin ƙasa tare da kasake da gawayi ita ta ba su bakin magana. Saboda haka, jama'a, in ɗayanmu yana noma ko haƙar rijiya ya ci karo da tsohuwar tukunya ko dutsen ado, kada ya fasa don neman dukiya, kada kuwa ya sayar wa dillali. Ya bar shi inda ya ke, ya gaya wa mai unguwa a sanar da ma'aikatan gidan tarihi. Wanda ya sayar da shaidar kakanninsa, gobe wani zai ba da labarinsu yadda ya ga dama. Allah ya ƙara mana sani, amin.